Baƙin Jinin Kofur

Alhamis, da hantsi

Tunda babu mai yi mini magana a gidan nan, bari in yi da takarda. Littafin awon ɗinki ne, ƙugu da kafaɗa da tsawon hannu, to tun ranar Talata babu wadda ta kawo mini ko ɗankwali, balle in auna ta.

Gidan haya muke, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗazu na fita ɗibar ruwa na tarar da mata a bakin famfo ana ta hira, ina isowa aka yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Na yi gaisuwa. Uwar Biyu, wadda ɗakinta ke jikin namu, ta duƙa ta amsa wa bokitinta. Matar da ko gishiri ya ƙare mata ɗakina take faɗowa babu sallama!

Mijina ɗan sanda ne, mai ba da hannu a mahaɗar titin kasuwa. Kofur kowa ke ce masa, har ni. Laifinmu ke nan.

Abin da ya faru ranar Talata a bakin kasuwa ba zan rubuta shi ba. Ban gani ba, wanda ya gani kuma ya ƙi faɗa mini. Abin da na sani shi ne mutanen ofishinsu sun je da mota, Auta ɗan Goggo, tsohuwar gidanmu, yana kwance a asibiti, kuma rigar aikin Kofur na jiƙa, na wanke, na sake wankewa, har yanzu jinin da ke kafaɗar bai fita ba.

Juma'a, bayan la'asar

Baba Mai Gida ya zo. Da ma ba ya zuwa sai da dalili. Ya ƙi zama a kujera, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullan motarsa.

Ya ce, "Kofur, kai ɗana ne, ka sani. Amma mutanen gida sun same ni, samarin unguwa ma sun same ni. Ni tsoho ne, ba na son a wayi gari ana jifan gidana. Ku nemi wani wuri kafin ƙarshen wata."

Na ce, "Baba, mu me muka yi? Wake ɗaya ya ɓata gari sai a zubar da buhun gaba ɗaya?"

Ya ce, "'Yata, maganar ba a hannuna take ba. Da Goggo za ta buɗe baki ta ce ku zauna, babu mai cewa uffan. To ita ce ta ce ba ta son ta sake ganin kaki a kan igiyar shanya."

Goggo fa! Ita ce ta fi kowa daɗewa a gidan nan. A wannan ɗakin namu aka haifi Kofur, a cikinsa iyayensa suka rasu yana ƙarami, Goggo ce ta ɗauke shi ta haɗa da 'ya'yanta, kwano ɗaya suke ci da Auta. Ni kaina ranar da zan haifi Gimbiya hannunta na riƙe har na yi mata shatin farce. Ba ni da uwa a garin nan sai ita.

Kofur bai ce komai ba sai, "To Baba, Allah ya kai mu." Har da raka shi bakin mota, har da buɗe masa ƙofa.

Da ya dawo na ce, Allah ya kai mu ina? Ƙarƙashin gada? Ya ce in kawo masa ruwa ya sha. Wallahi wani lokacin haƙurin mutumin nan ya fi zagi ciwo.

Lahadi, da safe

Goggo ta wuce asibiti da kwandonta. Kofur ya gaishe ta har ƙasa. Ko kallo.

Litinin, da azahar

Ya tafi ofis da safe, kafin hantsi ya dawo. Babu usur a wuyansa, babu bel. Ya rataye hularsa a ƙusa ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalmi a hankali, kamar ita ce aikin da aka ba shi.

Na ce lafiya? Ya ce an ce ya huta.

"Hutun me? Kai ka nema?"

"Sun tambaye ni abin da na gani, na faɗa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

To ga mu nan, gaba kura baya sayaki. Unguwa ta ce na ofis ne, ofis ya ce na unguwa ne. Da ma ina ta lissafin idan ta ɓaci sai mu koma bariki, yanzu barikin ma ya fi ƙarfinmu. Na ce masa ko za ka fita ka gaya wa mutane abin da ka faɗa a can, su san inda ka tsaya? Ya ce ba don su ya faɗa ba, kuma Auta bai tashi daga gado ba balle a fara rabon yabo.

Na ninke rigar na tura ta can ƙasan akwati. Na gaji da kallon kafaɗar nan.

Laraba, da yamma

Allah ya haɗa ni da aiki. Mutumin da aka ce ya huta, tun da sassafe ya ari shebur da baro ya shiga kwatar layinmu, wadda ta toshe tun daminar bara kowa yana tsallakewa yana tsaki. Ya naɗe wando har gwiwa yana ta kwaso leda da ruɓaɓɓen takalmi.

Ka ce an gode? Ina! Na fita sayen zare na ji Mai Shayi yana gaya wa masu zama a bencinsa, "Ku dai ku yi hankali da bakinku. Ɗan sanda ba ya tonon banza, wani abu yake nema." Wani ya ce ai tura shi aka yi ya saurari wanda ke zagin hukuma. Suka sauke murya da suka gan ni, amma na riga na ji.

Da ya shigo yana wari kamar an tono shi, na ce, "Kofur, kai fa baƙin jini ne da kai yanzu. Ko zuma ka raba a layin nan cewa za a yi ka sa mata wani abu. Mu da za a kora ƙarshen wata, kwatar wa kake gyarawa?"

Ya ce, "Kin san sau nawa na faɗa kwatar nan ina yaro? Kowane ɗaki a layin nan na ci abincinsa. Wannan ya ba ni riga, wancan ya saya mini littafi. Mai Shayin da kike gani, babansa ne ya kai ni aski na farko. Na yi ta cewa sai na samu lokaci, sai na samu lokaci. To ga lokacin an ba ni."

Na ce to Allah ya ba da lada, amma ka yi wanka kafin ka taɓa mini zanin gado.

Alhamis, da sassafe

Sabon salo. Tunda Auta ba ya nan babu mai cika wa Goggo duronta, shi ne ya tashi kafin layin famfo ya cika mata shi taf. Ta fito, ta duba, ta tambayi Uwar Biyu wa ya ɗebo. Da aka gaya mata, tsohuwar nan da ciwon bayanta ta tura duron da kafaɗa ta kifar da shi. Ruwa ya malale tsakar gida har ƙofarmu.

Shi kuwa ya ɗauki tsintsiya ya kore ruwan, wai kada wani ya zame.

Asabar, da hantsi

Yau na yi dariya, Allah ya yafe mini, rabona da ita tun kafin ranar nan.

Akwai tsohon kafinta a ƙarshen layi, idonsa ya mutu, kwanon ɗakinsa yana yoyo. Kofur ya samo guntun kwano da ƙusoshi ya tafi ya gyara masa. To hannu ya riga ya saba. Maimakon ya tsaya ya yi sallama kamar ɗan mutane, sai ya dunƙule hannu ya dirka wa ƙofa duka, dum dum dum, ya ce, "A buɗe!"

Surukin tsohon yana ciki yana karyawa. Jin muryar Kofur ke da wuya ya yar da kofin shayi ya kama katanga ya dira gidan baya, a kan kejin kajin mutane. Mutumin da bai taɓa satar ko allura ba! Kaji suka watse, matan gidan suka sa ihu, kafin ka ce kwabo layi ya cika, wai an zo kame. Aka iske Kofur tsaye da guduma a hannu yana cewa, "Rufi na zo gyarawa, wallahi rufi ne."

Da ya dawo na ce yau sai ka koyi shiga gidan mutane. Na tura shi waje na rufe ƙofa. Ya buga, na ce wannan kame ne, sake. Ya rage, na ce wannan bincike ne, sake. Gimbiya tana kan gado tana ta tuntsira dariya tana cewa, "Abba, da ɗan yatsa ake yi!" Sai da ya koyi yin sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya ja da baya ya jira, sannan na buɗe masa na ce maraba da baƙo.

Ya koma da la'asar ya gyara rufin. Tsohon ya shafa fuskar Kofur da hannu ya ce, "Kai ne ɗan marayan nan mai satar mini ƙusa?" Kofur ya shigo yana ba ni labari idonsa ya yi ja, wai ƙurar kwano ce.

Litinin, da safe

Ya sake cika duron, Goggo ta sake zubarwa.

Talata, da yamma

Tun ranar da abin ya faru babu ɗan sandan da ke tsayuwa a mahaɗar kasuwa, sun ce sai ƙura ta lafa. Motoci sai yadda Allah ya yi, ga 'yan makaranta suna tsallakawa. Jiya saura ƙiris babur ya kwashe ɗaya daga cikin tagwayen Uwar Biyu.

Yau da safe na ga mutumina ya sa tsohuwar rigarsa ta gida zai fita. Na ce ina zuwa? Ya ce titi. Na ce da wannan rigar mai kalar ƙasa? Direban da zai gan ka sai ya riga ya taka ka. Ya ce an hana shi sa kaki, ba a hana shi ɗaga hannu ba.

Na yi tsaki na jawo buhun ƙyallayena. Duk wani ja da ruwan ɗorawa da ya rage daga ɗinkin mutane na harhaɗa, na yi masa 'yar shara. Da ya sa sai ya koma kamar zakaran da aka yi wa kwalliya. Na ce ko makaho ya gan ka sai ya taka birki.

Na bi shi daga nesa, wai zan sayi allura. Babu usur, sai ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Wallahi tirela ta tsaya. Iyaye sun gargaɗi 'ya'yansu kada su kula shi, amma yaro ina ruwansa, suka yi ta kama masa yatsu, wannan ya riƙe babba wannan ya riƙe ƙarami, yana tsallakar da su kamar kaza da 'yan tsakinta. Uwar Biyu tana tsaye a ɗaya gefen. Ta karɓi 'ya'yanta daga hannunsa, ba ta fizge su ba.

Na daɗe ban tsaya na kalle shi yana aiki ba. Na manta haka ya iya.

Laraba, da safe

Yau ma ta zubar. Na ce masa bayan tsohuwar nan kake so ka ƙarasa? Ya ce gobe rabi zai zuba, ya fi sauƙin turawa.

Alhamis, bayan azahar

Na kasa daurewa. Na iske Goggo ita kaɗai tana ninke kayan Auta, na durƙusa a bakin ƙofarta. Na shirya magana tun jiya. Na ce, "Goggo, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa? Ni na wanke rigar nan, na san abin da ke kafaɗarta. Ɗanki ne ya saɓo ɗanki ya kai shi asibiti."

Na ɗauka ba ta sani ba. Na ɗauka ina faɗa za ta saki kayan ta rungume ni.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Tun ranar aka gaya mini. Da gudu ya kai shi, babu hula."

Na ce to Goggo?

Ta ce, "Kafin ya ɗauke shi fa? Yana ina? Yana tsaye, 'yar nan. Da kakinsa, da usur ɗinsa, a cikinsu. Waɗancan ban san su ba, ban goya su ba, na bar su da Allah. Shi kuwa da bakina na tauna abinci na ba shi. Ki tashi ki tafi, ba ni da rigima da ke. Ganinsa ne ba na iyawa."

Muryarta ko rawa ba ta yi ba, hannunta ne kawai ya kasa ninke wandon, ta yi ta juya shi.

Na dawo ɗaki na zauna gaban keke ban taka ba. Duk kwanakin nan ina jin haushinta. Yau na rasa wanda zan ji haushi, kuma hakan ya fi wuya.

Juma'a, kafin magariba

Na tambaye shi. Na aiki Gimbiya sayen ashana na rufe ƙofa na ce, Kofur, kana tsaye?

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Ina tsaye. Na ɗaga musu hannun nan, na yi ta busa. Hannun da ke tsayar da tirela. Ba su tsaya ba."

Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara ba. Na zuba masa abinci ya ci kaɗan.

Lahadi, da yamma

Neman ɗaki. Duk inda aka ji aikinsa sai a ce ai jiya-jiyan nan aka kama ɗakin. Yayana ya samo mana ɗaya can bayan tashar mota, taga ɗaya, babu famfo. Na ce to.

Litinin, da safe

Ba ta zubar ba! Ba ta sha ba, ba ta yi girki da shi ba, wanke tsakar ɗakinta ta yi. Amma ba ta zubar ba.

Talata, bayan la'asar

Bari dai in rubuta.

Da hantsi labari ya zo cewa za a sake shiga da Auta tiyata, idan ba a yi yau ba ƙafar sai yankewa, kuma jininsa ya yi ƙasa. Irin nasa ba kowa ke da shi ba. Maza suka rufe shaguna suka tafi asibiti. Kofur ya cire 'yar shararsa ya bi su, ni ma na ja mayafi, don ban san abin da za a yi masa a can ba.

Aka yi layi a baranda. Ya tsaya can ƙarshe, aka bar fili tsakaninsa da na gabansa kamar mai cutar da ake ɗauka. Malamar asibiti tana tsaga yatsa tana gwadawa, tana cewa wannan bai yi ba, wannan bai yi ba. Mutum ɗaya ya dace, aka ce ba zai isa ba. Da ta zo kan Kofur ta duba ta ce, "Kai, shigo."

Goggo ta miƙe daga benci. Ta ce, "Ban yarda ba. Ba za a sa wa ɗana wannan jinin ba."

Sai ga muryar Auta daga cikin ɗaki, a shaƙe, da ƙyar take fita: "Goggo, ƙafar taki ce ko tawa? Ku bar Yaya ya shigo."

Yaya fa ya kira shi. Na ga Kofur ya dafa bango.

Aka kwantar da shi a gadon da ke kallon ƙofa, aka soka allura. Mutumin da ke tsayuwa gaban tirela, ashe tsoron allura yake, ya runtse ido yana ta salati. Mai Shayi ya leƙa ta taga ya ƙura wa ledar ido tana cika, can ya juyo ya ce da ƙarfi, "Jama'a, wallahi ja ne! Ni da na ɗauka baƙi zai fito!"

Wani ya fashe da dariya, sai kowa ya kama, har malamar. Ni dariya nake ko kuka, ban sani ba. Da Kofur ya fito yana layi, Mai Shayin nan dai shi ya riƙe shi ya zaunar, ya aika aka kawo madara, yana cewa, "Sha, sha, kada ka faɗi a ce mu muka kashe hukuma."

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta juya fuskarta bango har muka tafi.

Laraba, da azahar

Ba a yanke ba. Alhamdulillahi, ba a yanke ba. Likita ya ce zai taka, ko da ɗingishi.

Alhamis, da yamma

Uwar Biyu ta faɗo ɗakina babu sallama, wai zif ɗin siket ɗinta ya lalace. Na duba zif, lafiyarsa ƙalau. Na cire shi na mayar, muka yi hirar tsadar kayan miya.

Da za ta fita ta ce sun je wurin Baba Mai Gida su uku, sun ce a bar mu. Ya ce shi magana ɗaya ya yi, sai Goggo ta buɗe baki. Sun je wurin Goggo ta ce kanta ke ciwo.

Kofur ya ce kada wanda ya sake takura mata. Wai ba a ba da jini don a sayi ɗaki. Na ce ni dai da za a sayar mini da na saya. Ya yi murmushi, ya ci gaba da ɗaure katifa.

Asabar, da la'asar

Na kwance labule, na naɗe ledar ƙasa. Bangon duk shatin inda hotuna suka zauna. A jikin ƙofa akwai zane-zanen tsawon Gimbiya, a ƙasansu kuma wasu tsofaffi da suka dushe, nasa ne. Na tambaye shi wa ya zana, ya ce in miƙo masa igiya.

Ya je ya gaya wa surukin tsohon kafinta yadda ake tsayar da mota, ya ba shi 'yar sharar. Mutumin da ya dira kan kaji shi zai riƙe titi ranar Litinin. Allah ya kiyaye 'ya'yan mutane.

Ba na son tafiya. Na rubuta ne don in faɗa wa wani.

Lahadi, da yamma

Motar kaya ta zo da hantsi. Maza suka taya lodi, kowa kansa a ƙasa. Aka sa gado, aka sa akwatuna, aka ɗora kekena a sama aka ɗaure. Gimbiya ta riga ta haye gaba tana wasa da madubi.

Kofur ya ce bari ya yi wa Goggo sallama. Na ce kai dai ba ka daddara. Ya je ƙofarta ya tsaya daga baya, ya ce, "Goggo, za mu tafi. Na gode da riƙo. Allah ya ba Auta lafiya." Ya ɗan jira, ya juyo.

Direba ya tayar da mota. Sai ga ta ta fito, babu takalmi, ɗankwali a karkace. Ba wurinmu ta nufa ba, gaban motar ta je ta tsaya ta dafa ƙarfen da hannu ɗaya. Direba ya leƙo ya ce, "Iya, a ba mu hanya mana."

Ta ce, "Kashe."

Ya kashe.

Ta zagayo ta tsaya gaban Kofur. Tun ranar nan, yau ne ta fara kallon fuskarsa. Ta daɗe. Shi kuwa ƙato guda ya durƙusa a cikin ƙasa.

Ta ce, "Kada ka ɗauka na yafe. Ban yafe ba. Kullum na kwanta sai na nemi yafiyar a zuciyata in rasa."

Ya ce, "Na sani, Goggo."

"Ba ka san komai ba. Idan ka kwashe kayanka ka tafi bayan tasha, ranar da ta zo mini, wa zan yafe wa? Bango? Ka zauna nan inda zan riƙa ganinka ina jin zafi, har ya ƙare."

Ta juya wurin mazan da ke tsaye ta ce, "Ku kuma kun zuba mini ido kamar ba ku taɓa ganin tsohuwa ba. Ku sauke wa yarinyar nan kekenta a hankali, kada ku karya mata." Ta shige ɗakinta ta ja labule.

Babu wanda ya yi guɗa. Aka hau kwance igiya. Kofur yana nan durƙushe, sai da Mai Shayi ya ce masa, "Hukuma, tashi ka kama gadon nan, ba mu za mu yi maka duka ba."

Yanzu kaya na nan jibge a tsakar ɗaki, ban san buhun da tukwane suke ba, Gimbiya tana kukan an fasa shiga mota. Bari in tashi in nemo tukunya, yau ko ruwan zafi ba mu sha ba.